Yadda Ake Gwada Tasirin Murɗin DNA a Kan Aikin Topoisomeres, Mataki-Mataki

Tambayar da ta fi yawan zuwa mana daga ɗaliban bayokemistiri da maikurobayoloji na Birnin Kebbi da Aliero, musamman idan lokacin aikin binciken ƙarshe ya ƙarato, ita ce: an sayo topoisomeres (enzayim ɗin da ke yanka silin DNA ya sake ɗaurewa don canja murɗinsa) da tsada, an zuba shi a kan filasmid (ƙaramin zoben DNA na bakteriya), an kunna jel (daskararren agaros da ake raba DNA a cikinsa da lantarki), amma ba a ga komai ba, ko an ga abin da ba a gane ba. Mafi yawan lokuta enzayim ɗin lafiyarsa ƙalau. Matsalar ita ce ba a san irin murɗin da ke jikin DNA ɗin da aka ba shi ba, kuma kowane topoisomeres yana da murɗin da yake taɓawa da wanda yake ƙi.

Abin da za ka riƙe kafin ka fara kaɗan ne. DNA tamkar igiya ce mai tufka biyu, silin nan biyu suna zagaya juna sau ɗaya a kusan kowane tushe (wato harafin DNA) 10.5. Idan aka ɗaure bakinta biyu ta zama zobe, kamar filasmid, adadin zagayen ya kulle, sai an yanke sili kafin ya canja. In zagayen ya gaza na asali, zoben zai kanannaɗe, wannan shi ne murɗin ragi. In ya zarce, murɗin ƙari ke nan. In ya yi daidai, sai mu ce sakakke ne. Filasmid ɗin da aka ciro daga bakteriyar E. coli yana zuwa da murɗin ragi na kusan kashi 6 cikin 100. A filasmid ɗin pUC19 mai tushe 2,686 wannan ragin zagaye kusan 15 ne daga cikin 256, a pBR322 mai tushe 4,361 kuma kusan 25 daga cikin 415.

1. Zaɓi enzayim kafin ka kashe ko sisi

Topo I (topoisomeres nau'i na ɗaya) na E. coli murɗin ragi kaɗai yake saki, sai da magniziyom, kuma ba ya ƙarasa sakin. Dalili shi ne yana neman wurin da silin biyu suka ɗan rabu ya kama, murɗin ragi ne kuma ke buɗe irin wannan wuri. Da murɗin ya ragu sai wurin kamu ya ɓace, shi kuma ya tsaya.

Topo I na ɗan Adam, na maraƙi ko na ƙwayar alkama yana sakin ragi da ƙari duka, har ƙarshe, ba ya neman magniziyom ko ATP, sinadarin da ke ba enzayim ƙarfin aiki. Shi ne jakin aikin wannan gwaji, da shi za ka shirya sauran kayan.

Jaires na E. coli, wani nau'in topoisomeres, shi ne ke ɗaukar sakakken zobe ya sanya masa murɗin ragi, amma sai da ATP. Topo IV da topo II na ɗan Adam ma suna cin ATP, kuma topo IV da nau'in alfa na topo II sun fi saurin sakin murɗin ƙari nesa ba kusa ba. Mai aikin digiri na farko ba ya bukatar waɗannan biyun.

Kan batun kuɗi: enzayim ne ke cinye kasafin, domin da dala ake sayensa kuma a cikin sanyi ake kawo shi. Ka ƙirga tiyub nawa za ka yi, ka ninka da yunit 1 zuwa 2, ka ƙara yunit 10 zuwa 20 na shirya sakakken filasmid da wasu 100 zuwa 200 na tiyub biyar ɗin mataki na 4, sannan ka sayi ƙaramar kwalbar da za ta ishe ka. Idan ku uku ne a ƙarƙashin malami ɗaya, ku haɗa kuɗi ku sayi kwalba guda.

Gargaɗi: ma'anar yunit ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Wani yana nufin abin da zai saki µg 0.5 cikin minti 30 a 37°C, wani µg 0.25. Karanta takardar da ta zo da kwalbar. Kuma ka shirya da mai kawo kayan ya iso ranar aiki, kana nan, firiza na sanyi. Kwalbar da ta kwana a tasha a zafin watan Afrilu, lokacin da Kebbi ke haura 40°C, asara ce.

2. Ciro filasmid mai cikakken murɗi

Shuka E. coli nau'in DH5α mai ɗauke da pUC19 a ml 5 na LB (ruwan abincin bakteriya) da amfisilin µg 100 a kowane ml, awa 12 zuwa 16 a 37°C ana jijjigawa. An zaɓi DH5α ne saboda an kashe masa endA, wato nukuliyes ɗin da ke tsaga filasmid lokacin cirewa. Kwalba uku ko huɗu sun isa su ba ka µg 35 zuwa 40 da gwajin gaba ɗaya ke ci.

Yi amfani da hanyar fasa ƙwaya da alkali, ko da akwatin kayan cirewa ne ko bafa (ruwan sinadari mai daidaita pH) haɗin hannu. Bayan ka zuba ruwan NaOH da SDS, juya tiyub a hankali sau biyar ko shida, kada ya wuce minti 5 kafin ka kashe alkalin. Narkar da DNA a TE (bafar Tris da EDTA), auna A260 (hasken da ya sha a nm 260; 1 daidai yake da µg 50 a ml), ka tabbata A260/A280 na kusa da 1.8. Raba shi ƙanana-ƙanana ka ajiye a -20°C.

Gargaɗi: tsaga ɗaya tak a sili ɗaya ta isa ta zubar da murɗin zoben gaba ɗaya. Injin girgiza tiyub, daskarewa da narkewa a kai a kai, da hasken UV duk suna tsagawa. Firizar da wuta ke ɗauke mata kullum tana narkar da samfurinka tana daskarar da shi ba da saninka ba, don haka ka jera ƙanƙarar leda ko kwalaben ruwa daskararru kewaye da akwatin, ka sa shi can ƙasa. Kafin ka ci gaba, kunna ɗan jel: in zanen (layin DNA a jel) da ya yi nisa, wato murɗaɗɗen, bai kai kashi 80 cikin 100 na DNA ɗin ba, sake cirewa. Kada ka zuba enzayim mai tsada a kan filasmid da ya riga ya saki.

3. Shirya sakakke da miƙaƙƙe

Ɗauki µg 5 na filasmid, sa bafar topo I na alkama ko na ɗan Adam (Tris-HCl mM 10 pH 7.5 zuwa 7.9, NaCl mM 150, EDTA mM 1, ɗan furotin BSA), yunit 10 zuwa 20 na enzayim, jimla µl 100. Bar shi awa ɗaya a 37°C. Cire enzayim da fenol da kulorofom, kwantar da DNA da sodiyom asitet da etanol ninki biyu da rabi, wanke da etanol kashi 70, narkar a TE.

Sai kuma ka yanka µg 1 da enzayim EcoRI, wanda wuri ɗaya kaɗai yake yanka a pUC19 da pBR322. Wannan miƙaƙƙen shi ne alamar da za ta nuna maka in wani abu ya datse silin biyu.

Gargaɗi: in ka bar ɓurɓushin topo I a cikin sakakken, zai riƙa kwance duk abin da jaires ya murɗa, kai kuma ka ce jaires ya mutu. Ragowar fenol ko etanol ma na kashe enzayim, don haka bar ƙullin DNA ya sha iska minti 10. Fenol yana ƙona fata, sa safar hannu.

4. Shirya murɗi hawa-hawa

Nan ne ainihin gwajin yake, kuma nan ne mafi yawan ɗalibai ke tsallakewa. Mutum ba zai ce murɗi yana tasiri a kan enzayim ba alhali murɗi iri ɗaya kawai ya gwada.

Dabarar ita ce etidiyom buromaid. Kowace ƙwayarsa da ta shige tsakanin tushe biyu tana warware tufkar da digiri 26, wato kusan ƙwaya 14 ne ke warware zagaye ɗaya. Idan ka saki filasmid da topo I na alkama alhali etidiyom na ciki, sannan ka cire enzayim, ka cire etidiyom, tufkar za ta koma yadda take amma zoben ya riga ya kulle da ƙarancin zagaye. Ka samu murɗin ragi gwargwadon etidiyom ɗin da ka zuba.

Jera tiyub biyar, kowanne da µg 5 na filasmid a µl 100. Sa etidiyom ya zama µg 0, 1, 2, 3 da 4 a kowane ml. A lissafi, in duka ya shiga DNA, kowane µg 1 a ml zai ba da ragin kusan kashi 2.5 cikin 100, wato daga sifili zuwa kusan kashi 10. A zahiri ba duka ke shiga ba, musamman da gishiri mM 150, don haka abin da za ka samu zai ɗan gaza haka. Ninka enzayim, bar shi awa biyu a 37°C cikin duhu, lulluɓe da takardar alminiyom. Daga nan fenol da kulorofom sau biyu, butanol sau biyu ko uku har jan launin ya ɓace, sai etanol.

Gargaɗi: tsarin ba ya juyuwa. Enzayim ake fara cirewa, sannan etidiyom. In etidiyom ya fita enzayim na da rai, zai saki komai, tiyub biyar ɗin su zama abu ɗaya.

Murɗin ƙari na dindindin sai da jaires mai juyawa na ƙwayoyin da ke rayuwa a ruwan zafi, wanda samunsa ke da wuya da tsada. Akwai hanyar talaka: zuba etidiyom µg 1 zuwa 2 a ml a kan sakakken zobe, nan take ya ɗauki murɗin ƙari muddin etidiyom na ciki. Raba biyu, rabi topo I na alkama, rabi na E. coli. Bayan an cire komai, na alkama zai fito da murɗin ragi domin ya saki ƙarin, na E. coli zai koma sakakke kamar ba a taɓa shi ba. Ka rubuta a rahotonka cewa etidiyom kansa na iya rage ƙarfin enzayim, domin mai jarrabawa zai tambaya.

5. Haɗa tiyub ɗin gwaji

Kowane tiyub µl 20 ne, da µg 0.3 zuwa 0.5 na DNA. Topo I na E. coli yana son Tris-asitet mM 20 pH 7.9, fotasiyom asitet mM 50, magniziyom asitet mM 10 da BSA. Jaires yana son Tris-HCl mM 35 pH 7.5, KCl mM 24, MgCl2 mM 4, DTT mM 2, sifamidin mM 1.8, ATP mM 1, gilisarol kashi 6.5 da BSA mg 0.1 a ml. Zagayen farko ya zama haka:

A. murɗaɗɗe (filasmid ɗin mataki na 2), ba enzayim
B. sakakke, ba enzayim
C. miƙaƙƙe
D. murɗaɗɗe da topo I na E. coli
E. irin D, amma da EDTA mM 15, mai kama magniziyom
F. sakakke da topo I na E. coli
G. murɗaɗɗe da topo I na alkama a bafar EDTA
H. sakakke da jaires da ATP
I. sakakke da jaires ba ATP

Zuba ruwa, bafa, DNA, duka a kan ƙanƙara, enzayim a ƙarshe. Tsarma enzayim a bafar tsarmawa ta kamfanin, ba a ruwa ba, kuma kada ka yi ƙoƙarin zuƙo ƙasa da µl 1 daga gilisarol mai kauri, fifet ba zai ba ka gaskiya ba. Minti 30 a 37°C.

Gargaɗi: ruwa tsarkakakke na ɗakin gwaji wanda aka dafa a otokilef kawai. Ruwan leda da na rijiyar burtsatse suna ɗauke da kalsiyom da magniziyom, za su iya lalata tiyub E, su kuma canja tafiyar DNA a jel. ATP da DTT ba sa jure narkewa da daskarewa, raba su ƙanana tun ranar farko. A lokacin hunturu rufe tiyub da akwatin bakin fifet, ƙura na shigo da nukuliyes. Sannan a bazara ɗakin kansa na iya wuce 37°C da rana, sa ma'aunin zafi a cikin ruwan, kada ka yarda da lambar da ke jikin na'ura.

6. Auna sauri

Zagaye na biyu shi ne na filasmid biyar ɗin mataki na 4. Ga kowanne haɗa µl 140, fara da enzayim kaɗan, kamar rabin yunit ga kowane µg 0.5, ka riƙa ɗibar µl 20 a minti 0, 2, 5, 10, 20 da 30 kana zubawa cikin ruwan tsayarwa. Jinkirta fara kowane tiyub da daƙiƙa 30 don hannunka ya iya bi.

Enzayim mai yawa shi ne kuskuren da ya fi ɓata wannan mataki. In komai ya gama saki a minti 2, ba za ka ga bambanci tsakanin mai murɗi kaɗan da mai yawa ba. Fara gwada tsarmi ninki biyu-biyu a kan filasmid na asali, ka zaɓi wanda ya saki rabi a minti 10 zuwa 15.

7. Tsayar da aikin

Zuba SDS ya zama kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100, da EDTA mM 20, sai furotines K (enzayim mai cinye furotin) µg 100 a ml, minti 30 a 37°C zuwa 50°C. Ƙara ruwan lodi mai gilisarol da shuɗin buromofenol.

Gargaɗi: in ka tsallake furotines K, furotin da ya manne wa DNA zai riƙe shi a rami ko ya ja shi ya zama shafe. SDS kuma yana dunƙulewa da fotasiyom idan ya yi sanyi, don haka kada ka mayar da tiyub kan ƙanƙara bayan ka zuba shi.

8. Jel: ba rini a ciki

Agaros kashi 1 cikin 100 a bafar TAE, tsawon santimita 12 zuwa 15 ko fiye. Kada etidiyom ya shiga jel ko bafa. Haka rinin zamani da ake ce musu marasa illa, da ruwan lodin da aka riga aka haɗa da rini, duk suna kama DNA suna canja murɗinsa yana cikin tafiya. Wannan kuskure shi kaɗai ya fi kowanne ɓata aikin ɗalibai. Tankin da aka saba kunna jel mai etidiyom a cikinsa sai an wanke shi da sabulu an ɗauraye sosai, har da mataji da faranti.

Auna tazarar wayoyin lantarkin biyu. Bolt 4 a kowane santimita na awa 3 yana wadatarwa, bolt 1.5 zuwa 2 na kwana ya fi raba zane fes. Amma kada ka bar jel ya kwana sai kana da inbata ko sola mai riƙewa har safe, domin in wuta ta ɗauke na awanni DNA zai bazu, tsanin, wato jerin zane hawa-hawa, ya narke. In janareta ne, yi na awa 3 da safe, a ɗaki mai sanyi. Taɓa gefen tanki: in ya yi ɗumi, rage bolt ko kewaye shi da ƙanƙara.

Bayan an gama, jiƙa jel a etidiyom µg 0.5 zuwa 1 a ml na minti 20 zuwa 30, ɗauraye a ruwa minti 15, ɗauki hoto a UV.

Gargaɗi: etidiyom yana ɓata ƙwayoyin gado. Safar hannu, gilashin kare ido daga UV, kuma ruwan rinin a tara shi a jarka mai suna a tace da gawayin ɗakin gwaji. Ba a zuba shi a kwata.

9. Karanta hoton

Murɗaɗɗe ya fi kowa nisa domin a dunƙule yake. Sakakke yana can sama kusa da rami, miƙaƙƙe yawanci a tsakani. Sakakken ba zane ɗaya ba ne, 'yan zane ne kusa da juna, kowanne ya bambanta da maƙwabcinsa da zagaye ɗaya. Wannan ba aibi ba ne.

D zai ba da tsani da ya tsaya bai kai B ba. E zai yi kama da A, F zai yi kama da B. G zai hau sama gaba ɗaya. H zai sauko ƙasa, I ya tsaya a inda yake. A gwajin sauri, topo I na E. coli zai yi hanzari a kan mai murɗi da yawa, ya yi nawa a kan mai kaɗan, na alkama kuwa zai kai su duka sama.

Dubi siffar tsanin ma. In ka ga zane mai kauri a ƙasa da wani a sama, tsakiya ba komai, enzayim yana kama zobe ɗaya ya gama da shi kafin ya saki. In duk DNA ɗin ke hawa tare a hankali, yana tsalle ne daga zobe zuwa zobe. Ƙara gishiri yana tura shi zuwa hali na biyu, don haka kada ka kwatanta tiyub biyu masu gishiri daban.

Gargaɗi: zobe mai tsaga yana tsayawa kusan wuri ɗaya da sakakke. Nukuliyes na iya yin ɓarna ka ɗauka topo ne ya yi aiki. Raba kowane samfuri biyu, ka kunna rabi a wani tanki daban mai etidiyom µg 0.5 a ml. A can sakakke na gaskiya zai ɗauki murɗin ƙari ya ruga gaba, mai tsaga zai tsaya a sama. Kuma kada ka rubuta cewa ka ga jaires na canja zagaye biyu-biyu. Gaskiya ne haka yake yi, amma ba a ganinsa sai an fara da zane guda da aka yanko daga jel.

Don lissafi, manhajar ImageJ kyauta ce. Raba hasken zanen murɗaɗɗe da jimlar hasken layinsa, kada ka kwatanta layi da layi kai tsaye, kuma hoton da ya yi fari fat ba ya aunuwa.

10. Idan duk murɗaɗɗun sun taru wuri ɗaya

Jel na yau da kullum ba ya bambanta ragin kashi 5 da na kashi 10, duka suna dunƙulewa a ƙasa. Kulorokwin ne ke raba su, domin yana ɗan warware tufkar, masu murɗi su sassauta su zama tsani. Fara da µg 2 a ml a cikin jel da bafa duka, kunna a duhu, ka ƙara in ba su rabu ba. Jiƙa jel a ruwa awa ɗaya zuwa biyu ana canjawa kafin rini, in ba haka ba hoton zai yi dishi-dishi.

Gargaɗi: garin kulorokwin daifosfet na ɗakin gwaji ake nufi, ba ƙwayar zazzaɓi ta kemis ba, wadda ke da sitaci da sauran gauraye. Sa A da B a kowane jel, domin idan kulorokwin ya yi yawa tsarin yana juyewa, sakakke ya koma shi ne a gaba.

11. Ga masu gwada sassaƙe da ganye

Da yawa suna son ganin ko ruwan sabara, bagaruwa ko marke na hana topoisomeres aiki. Sa magani sananne a gefe: sifurofulokzasin ko nobobayosin ga jaires, kamtotesin ga topo I na ɗan Adam. Sa tiyub mai DMSO (ruwan da ake narkar da maganin a ciki) kaɗai, kada ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Sa wani mai ruwan ganyen da DNA ba enzayim. Bagaruwa cike take da tanin, wanda ke kama kowane furotin ya tarar, don haka ƙara BSA ka ga ko hanin zai ɓace. Idan kuma ka zuba ruwan ganyen da topo I na alkama a kan sakakken zobe ya fito a murɗe, abin da ke ciki yana shiga DNA ne kamar etidiyom, enzayim ɗin kuwa yana aikinsa.